Daga Yunan Zuwa Girka: Tarihin Neman Ilimi a Ƙasar Kufai da Tsibirai

Makonni uku da suka wuce wani malami da muke sallah a masallacinsa a nan Agege ya aiko a kira ni bayan La'asar. Na same shi a zaure ya jingina da bango, ɗansa na biyu yana zaune can gefe ya sunkuyar da kai. Da muka gama gaisawa sai ya ce, "Alhaji, an ce min ka yi karatu a Girka. Ga yaron nan ya hana gida sakat, wai ya samu gurbin karatu a can. Ni kuwa abu biyu kawai nake ji game da ƙasar nan a rediyo: kangayen gumaka, da gawarwakin 'yan ci-rani da ruwa ke turowa gaɓa. Wane ilimi ke gare su?"

Kafin in buɗe baki sai idona ya faɗa kan littattafan da ke kan buzunsa. Na sama shi ne Sullamu, ɗan littafin nan na manɗiƙi da yake karantar da manyan almajiransa. Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, ilimin da ke cikin wancan littafin, a asali na su waye?" Ya ce, "Na Yunanawa mana, ai Arisɗo ne ya fara tsara shi." Na ce, "To ai garin da Arisɗo ya koyar yaron zai je." Malam ya yi shiru, sannan ya ce, "Kana nufin Yunan ita ce Girka?"

Wannan ba abin kunya ba ne, don ni kaina sai da na yi watanni a ƙasar, cikin shekarun 1990, kafin na haɗa sunayen biyu a raina. Hirar da muka yi a ranar ita ce na ga ya dace in faɗaɗa, ko za ta amfani wani uban da ke cikin irin wannan zullumi.

Ƙasa ɗaya, sunaye huɗu

Mai karatu, sunan Yunan ya samo asali ne daga Iyoniya, wani yanki a gaɓar tekun Turkiyya ta yau, inda wasu Girkawa suka zauna tun zamanin da. Su ne Farisawa suka fara cuɗanya da su, sai suka kira duk ƙabilar da sunansu, daga nan kalmar ta shiga Larabci, ta iso zaurukanmu. Shi kuwa sunan Girka, Rumawan Italiya ne suka raɗa, ya biyo ta bakin Turawan Ingila ya shigo rediyonmu. Akwai kuma Rum, wato daular da ke da hedikwata a Ƙusɗanɗiniyya, wadda Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya aika wa sarkinta Hiraƙal takarda. Yawancin mutanen wannan daula da harshen Girkanci suke magana. Su masu ƙasar kuwa, Ellada suke kiranta.

Ƙaramar ƙasa ce, mutanenta ba su wuce miliyan 10 da 'yan kai ba, wato ba su kai na Legas ba. Tana da tsibirai manya da ƙanana wajen 6,000, amma kimanin 200 ne kawai ke da mazauna.

Lokacin da Atina take garin almajirai

Babban birninsu shi ne Atina, wanda 'yan jarida ke kira Athens. Wajen shekara ta 387 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, Aflaɗun ya fara tara ɗalibai a wata kurmin zaitun da ke bayan ganuwar birnin, wurin da ake kira Akademiya. Daga sunan wannan kurmi ne duk wata makaranta da ka ji ana ce wa akademi a yau ta samo suna. Abin lura shi ne, shahararren ɗalibin makarantar baƙo ne. Arisɗo ya zo ne daga wani ƙaramin gari a arewa mai suna Sitagira yana ɗan shekara 17, ya yi shekara 20 a gaban malaminsa. A shekara ta 335 kafin Miladiyya ya buɗe tasa makarantar, Likiyon, amma har ya mutu bai zama ɗan gari ba, kuma dokar Atina ba ta ba baƙo irinsa damar mallakar fili ba. Duk wanda ya yi zaman Sabo a Ibadan ko Shagamu ya san ɗanɗanon wannan.

Har daga nahiyarmu an je. Wani saurayi mai suna Hasdurubal ya taso daga Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya isa Atina neman ilimi, aka sauya masa suna zuwa Kilitomakos. Yana can Rumawa suka rushe garinsu ƙurmus a shekara ta 146 kafin Miladiyya, sai dai ya rubuta wa 'yan'uwansa da aka kama bayi littafin ba da haƙuri. Bayan kusan shekara 20 shi ne ya zama shugaban Akademiya ɗungurungum. Wanda ya karantar da shi ma, Karniyadis, mutumin Libiya ta yau ne.

Da Rumawa suka ci ƙasar da yaƙi, sai manyansu suka koma turo 'ya'yansu karatu wurin waɗanda suka cinye. Sisero, mashahurin lauya kuma ɗan siyasar Rum, ya yi karatu a Atina a shekara ta 79 kafin Miladiyya, ya ƙarasa a tsibirin Rodos. Juliyas Kaisar kuwa yana kan hanyarsa ta zuwa wannan tsibiri koyon fasahar magana 'yan fashin teku suka kama shi, suka riƙe shi kusan kwana 40 sai da aka biya fansa. Ka ga ke nan haɗarin wannan teku ba yau ya fara ba.

A nan na ba Malam labarin da ya sa shi murmushi. Shi Sisero ya tura nasa ɗan Atina a shekara ta 45, da kuɗin guzuri mai tsoka. Yaro ya samu sake, ya haɗu da wani malami mashayi, karatu ya koma gidan giya. Sai da uban ya aiko da umarni a rabu da wannan malami, sannan ya zauna ya rubuta wa ɗan littafi guda a kan haƙƙoƙin da ke wuyan mutum, littafin da har yau ake karantawa. Malam ya juya ya dubi ɗansa ya ce, "Ka dai ji."

Amma gari ba ya dawwama a kan sunansa. Wajen shekara ta 400 Miladiyya wani malami daga Libiya, Sinesiyos, wanda ya yi karatunsa a Iskandariyya, ya ziyarci Atina ya rubuta wa ɗan'uwansa cewa garin ya zama tamkar fatar dabbar da aka yanka: naman ya tafi, sai ƙirgi da sunayen wurare. A shekara ta 529 Sarki Justiniyan na Rum ya hana waɗanda ba Kirista ba koyarwa, makarantar falsafa ta ƙarshe a Atina ta rufe. Malamanta bakwai suka tattara suka nufi fadar Kisra a Farisa, ko da yake ba su daɗe ba suka juyo.

Yadda ilimin ya biyo hanya har Kano da Sakkwato

To ina naman ya tafi? Ya bi ɗalibai da littattafai. Malaman Kirista na Sham da Iraƙi suka fassara wani sashe zuwa Suryananci. Da aka kafa Bagadaza, halifofin Abbasiyawa, musamman Ma'amun wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, da attajiran garin, suka zuba dukiya wajen mayar da littattafan Yunanawa Larabci. Gwanin wannan aiki shi ne Hunainu bin Ishaƙ, Kirista ne mutumin Hira, ya rasu a 873. Shi da kansa ya ba da labarin yadda ya zaga Iraƙi da Sham da Falasɗinu da Masar yana neman wani littafi na likita Jalinus, daga ƙarshe ya samu kusan rabinsa a Dimashƙa. A kan irin wannan wahala ne su Farabi da Ibn Sina da Ibn Rushdi suka yi gini.

Malamai ba su haɗu a kan karɓar wannan baƙon ilimi ba. Imam Gazali ya ragargaji 'yan falsafa a kan al'amuran aƙida, amma ya ware manɗiƙi ya ce ma'auni ne, har ya buɗe littafinsa na usulul fiƙhi, Mustasfa, da shi. Ibn Salah kuwa ya ba da fatawar haramta shi. Wannan muhawara ta taɓo ƙasarmu. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar, wanda ya yi rubutu yana haramta manɗiƙi. Hujjar Magili ita ce a auna magana da gaskiyarta, kada a jefar da ita don kawai wanda ya fara faɗa ba Musulmi ba ne.

Shi kuwa Sullamun da ke kan buzun Malam, mai shi shi ne Abdurrahman Ahalari, mutumin Aljeriya, wanda duk ɗan makarantar zaure ya fara sanin tsarki da sallah daga ɗan littafinsa. Ya tsara Sullamu a shekara ta 941 Hijira yana ɗan shekara 21, a kan tafarkin wani littafi na Abhari mai suna Isaguji. Wannan suna ba Larabci ba ne. Wani malami mutumin Taya, a Labanan ta yau, mai suna Farfuriyus, shi ya rubuta share fage ga manɗiƙin Arisɗo wajen shekara ta 270 Miladiyya, ya kira shi da kalmar Girkanci mai ma'anar gabatarwa. Ba zan manta ranar da aka raba mana littattafai a ajin koyon harshe a Tasalonika ba. Na buɗe shafin farko ina haɗa baƙaƙen da ƙyar, sai na ji bakina ya furta "isagogi". Kalmar da nake ji a zauren kakana ce, ga ta a raye, yara na amfani da ita kullum.

Ga wata shaidar kuma. Lokacin da Baturen nan Clapperton ya koma Sakkwato a 1826, cikin kyaututtukan da ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har da littafin lissafin Iƙlidis da Larabci. Ya rubuta cewa Bello ya yi murna ƙwarai, ya kuma gaya masa ai gidansu na da kwafinsa da wani ɗan'uwansu ya samo a Makka, gobara ce ta cinye shi a shekarar da ta gabata. Wato Baturen ya kawo abin da ya zaci sabo ne, ya tarar an riga shi.

Ranar da masu gida suka koma almajirai

Yayin da ake karanta Arisɗo a Bagadaza da Ƙurɗuba da Tambutu, ita Atina ta koma ƙaramin gari. Turkawan Daular Usmaniyya, wato ta Santambul ba tamu ta Sakkwato ba, sun karɓe ta a 1456. Babban ginin da ke kan dutsen Akrofolis, Fartenon, wanda aka gina wa gunkiyar garin tsakanin 447 da 432 kafin Miladiyya, ya riga ya zama coci, sai aka mai da shi masallaci har da hasumiya. A 1687 sojojin Benis suka yi wa dutsen ƙawanya, harsashin igwarsu ya faɗa kan albarushin da Turkawa suka adana a ciki, ginin ya tarwatse. Daga 1801 jakadan Ingila, Lord Elgin, ya sa aka ɓamɓare kusan rabin sassaƙen marmaran da suka rage, aka sayar wa gwamnatin Ingila a 1816. Suna London har yau, Girkawa na ta neman a maido musu, kamar yadda mutanen Bini ke bin sawun kayan tagullarsu da aka kwashe a 1897. Kangon da Malam ke ji a rediyo ke nan: ya yi zaman ɗakin gunki, ya yi na coci, ya yi na masallaci.

A waɗannan ƙarnoni, Bagirken da ke son ilimi mai zurfi sai ya bar gida. Da yawa sun nufi jami'ar Faduwa a Italiya. Mutum biyu sun ishe mu misali. Na farko Adamantiyos Korayis, an haife shi a Izmir a 1748, ya karanta likitanci a Faransa, ya zauna a Faris daga 1788 har ya rasu a 1833. Bai koma gida ba, amma ya ƙarar da rayuwarsa yana gyara tsofaffin littattafan kakanninsa yana bugawa, wasu 'yan'uwa fatake, gidan Zosimas, suna biyan kuɗin ɗab'i ana raba wa makarantu. Littattafansa na kansa ya bar su ga ɗakin karatun tsibirin Kiyos, asalin gidansu, wanda ke ɗauke da sunansa a yau.

Na biyu Yuwanis Kafodistiriyas, ɗan tsibirin Korfu. Ya karanta likitanci a Faduwa, ya shiga aikin Sarkin Rasha har ya kai matsayin ministan harkokin waje. Da yaƙin neman 'yanci da aka fara a 1821 ya kusa ƙarewa, aka kira shi ya zama shugaban ƙasa na farko. Ya iso a 1828 ya tarar da marayu da kufai, ya buɗe gidan marayu da makarantu a tsibirin Egina, ya kafa makarantar noma. A 1831 wasu 'yan wani babban gida da ya taka wa burki suka kashe shi a ƙofar coci a garin Nafiliyo. Na faɗi wannan ne don kada a zaci duk wanda ya dawo da ilimi ana tarbarsa da kalangu.

A watan Mayun 1837 aka buɗe jami'ar Atina a gidan wani mai zanen gine-gine da ke gindin Akrofolis, da ɗalibai 52 da tsangayoyi huɗu: addini, shari'a, likitanci da falsafa. Don kwatance, Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta fara ne a 1948 da ɗalibai 104. Gwamnatin Girka ta lokacin matalauciya ce, to wa ya gina manyan makarantun? Fataken da ke zaune a waje. Gidan Sinas da ke Biyana suka gina ɗakin duban taurari da ginin majalisar masana. 'Yan'uwa uku na gidan Baliyanos, masu safarar hatsi a jiragen ruwa, suka gina babban ɗakin karatu na ƙasa. Babbar makarantar injiniyoyi kuwa ana kiranta Metsobiyon ne saboda attajiran da suka gina ta 'yan wani ƙauyen kan dutse ne mai suna Metsobo, cikinsu har da Aberof wanda ya yi arzikinsa a Iskandariyya.

Irin waɗannan fatake sun iso har nan. Harafin Z da ke cikin PZ, na Zochonis ne, Bagirke da ya fara kasuwanci a Saliyo. Leventis kuwa Bagirken tsibirin Kubrus ne, kuma gidauniyarsa ta buɗe makarantun koyon noma a wurare irin su Ilesha da Dogon Dawa da Panda.

Jami'o'in zamani

Jami'ar Tasalonika, wadda daga baya aka sa wa sunan Arisɗo, ta fara aiki a 1926, shekara 14 kacal bayan garin ya fita daga hannun Turkawa. Daga baya aka samu ta Fatras a 1964, da ta tsibirin Kirit a 1973. A 1984 aka kafa jami'ar tekun Ejiyan, wadda aka rarraba tsangayoyinta a tsibirai shida, da nufin kada tsibiran su zama sai tsofaffi da 'yan yawon buɗe ido.

Ɗaliban Girka suna da tarihin da suke ji da shi. Sojoji sun ƙwace mulki a Afrilun 1967. A Nuwamban 1973 ɗalibai suka mamaye makarantar injiniyoyin nan ta Atina, suka harhaɗa tashar rediyo da kayan ɗakin gwajinsu suna kiran jama'a. Da tsakar daren 17 ga wata tankar yaƙi ta banke ƙofar makarantar, kuma an tabbatar da mutuwar aƙalla mutum 24 a tarzomar kwanakin. Mulkin sojan ya faɗi a Yulin 1974. Tsarin mulkin da aka rubuta a 1975 ya ce ilimin jami'a na hukuma ne, kuma kyauta ne ga 'yan ƙasa. Har yau ranar 17 ga Nuwamba ba a karatu. Wannan ne ya sa siyasar ɗalibai ke da zafi a can, kuma da majalisa ta zartar da dokar da ta ba jami'o'in waje damar buɗe rassa a 2024, sai da aka yi makonni ana zanga-zanga.

Sai kuma tarihi ya sake juyawa. Rikicin bashin da ya ɓarke a 2010 ya kai rashin aikin yi kusan kashi 27 cikin 100 a 2013, na matasa kuwa ya haura rabi. Babban bankin ƙasar ya ƙiyasta cewa sama da mutum 400,000 sun fice cikin 'yan shekaru, da yawansu likitoci da injiniyoyin da ƙasar ta karantar kyauta, suka tafi Jamus da Ingila. Ƙasar ta fita daga shirin ceton masu ba da bashi a 2018, kuma cikin dabarun da jami'o'inta suka ɓullo da su har da jawo ɗaliban waje. A 2020 jami'ar Atina ta buɗe digirin farko da ake koyarwa da Ingilishi, a fannin tarihi da kayan tarihin tsohuwar Girka, sannan aka biyo da na likitanci a Tasalonika da wasu wurare. Waɗannan na kuɗi ne. Wanda zai bi tsohuwar hanya kuwa, sai ya fara da koyon harshen, mai baƙaƙe 24, har ya samu takardar shaida.

Hanya biyu zuwa tsibiri ɗaya

Tsoron Malam na biyu gaskiya ne, ban kuma ɓoye masa ba. A 2015 kaɗai mutum sama da 800,000 suka shiga Girka ta ruwa, fiye da rabinsu ta tsibirin Lesbos, wanda tsakaninsa da gaɓar Turkiyya bai wuce kilomita 10 ba a wasu wurare. A wannan tsibiri hedikwatar jami'ar Ejiyan take, kuma a nan ne sansanin Moriya yake, inda aka cusa dubban 'yan gudun hijira har ya ƙone a Satumban 2020. A Yunin 2023 wani jirgin kamun kifi da ya taso daga Libiya maƙare da mutane ya nutse kusa da Filos. Mutum 104 aka ceto, ɗaruruwa suka halaka. Tsibiri ɗaya ne, amma wanda ya sauka da takardar jami'a a hannu da wanda ya sauka daga kwalekwalen roba, rayuwarsu ba ta haɗuwa.

Ko wanda aka haifa a can bai tsira daga matsalar takarda ba. Giannis Antetokounmpo, gwarzon ƙwallon kwando, iyayensa daga Legas suka tafi, aka haife shi a Atina a 1994, ya taso yana tallar agogo da jakunkuna a titi, bai samu takardar zama ɗan ƙasa ba sai a 2013, ana gab da ɗaukarsa wasa a Amurka. Don haka na ce wa yaron, "Kai, duk ɗalibin da ya bar aji ya shiga buga-buga har izinin zamansa ya ƙare, ya sauya layi ke nan da hannunsa."

Game da addini, akwai tsofaffin al'ummomin Musulmi a yankin Tarakiya ta Yamma, a garuruwan Komotini da Santi, da masallatansu da muftansu. A Atina kuwa an daɗe ana sallah a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da gareji, sai a Nuwamban 2020 aka buɗe masallacin hukuma na farko tun bayan tafiyar Turkawa. Naman alade ya yi yawa a abincinsu, amma wake da kifi da zaitun da burodi sun wadata, kuma akwai mahautan Larabawa da 'yan Pakistan a manyan birane.

Kammalawa

Mai karatu, abin da na fahimta daga wannan dogon tarihi shi ne, duwatsun Atina ba su tsare wa Girkawa iliminsu ba. Baƙin da suka zo suka koya suka tafi da shi su suka raya shi, har ya kai hannun Bello a Sakkwato da buzun wani malami a Agege. Da masu gida suka wayi gari hannu wofi, 'ya'yansu da suka fita karatu da fatakensu da ke zaman baƙunta su suka maido da shi.

Wannan kashi na biyu shi ya fi tsaya min a rai, don mu ma zaman baƙuntar muke yi. Muna Mile 12, muna Sabo, muna kara a Lokpanta, muna canji a bakin titunan Legas, kuma Allah Ya rufa wa da yawanmu asiri. Mun iya haɗa kuɗin ginin masallaci da na kai gawa gida, Allah Ya saka da alheri. Amma sau nawa ƙungiyar kasuwa ta zauna ta ce ga yaro ɗaya mai ƙwaƙwalwa, mun ɗauki nauyinsa har ya gama, da sharaɗin ya dawo ya yi wa garinsu aiki? 'Yan Metsobo ƙauyawa ne kamar iyayenmu.

Da na tashi tafiya Malam bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce zai yi istihara, kuma a kawo masa takardun wani wanda ya san harkar ya duba, don kada a je dillalai ne suka yi wa yaron romon baka. Sannan ya ɗauki Sullamu ya miƙa wa ɗan ya ce, "Ko za ka tafi sai ka sauke wannan a gabana tukuna. Ba za ka je garin mutane su riga ka sanin abin da ke gidanku ba." Jiya da na wuce bayan Asuba na jiyo muryar yaron daga zaure yana biya baitocin, uban yana gyara masa.

Allah Ya yi musu zaɓin alheri, Ya tsare mana 'ya'yanmu a duk inda suka shiga neman ilimi, Ya kuma dawo mana da su lafiya.